Wayar da Yaya Sule Ya Zare

Yayana Sule, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya zare wayar motata daga kuran, wato wutar lantarki, a daren wata Alhamis, ya mayar da ita kafin a kira asuba, sannan ya kama bakinsa ya bar ni shekara ɗaya da wata huɗu ina zagin kaina, mutane suna taya ni. Dalilin haka ban sami Inna da rai ba. Na fara da wannan ne don kada ku yi ta karatu kuna jiran ku ga inda na dosa. Ke Rabi, kai Musa, da ke Ƙaramar Inna, kun sha jin labarin nan a Tourou, unguwarmu ta Parakou, da Zongon Djougou: wai ubanku ya sayi motar taƙama ta mutu da shi a daji, uwarsa tana can tana kiran sunansa. Na san an faɗa muku a lakwal, wato makaranta, an faɗa muku a gidan biki. Ba ku taɓa tambayata ba don kuna jin nauyina. To ga shi na rubuta. Karatuna bai yi nisa ba, aji biyar na bar lakwal na bi babanmu kasuwar shanu. In kun ga rubutun ya karkace ku gyara, amma maganar kada ku taɓa ta.

Ba taƙama ta sa na sayi motar ba, kpayo ne ya ishe ni. Kun san shi, fetur ɗin kwalba da ake jerawa bakin hanya, wani an haɗa shi da kananzir, wani Allah kaɗai ya san da me. Inji biyu ya kashe mini a tsohuwar motata, kuma ni mutum ne wanda aikinsa hanya: yau wannan kasuwar shanu, gobe waccan, jibi rugar wani Bafulatani. Sai wani abokina da ke fito da motoci daga tashar jirgin ruwa a Cotonou ya ce mini an fara kawo masu kuran, ba fetur, ba man inji, ka soka ta a bango kamar waya ka kwanta. Na yi masa dariya wata biyu. A na uku na sayar da tsohuwar da wasu bijimai, aka kawo mini ita a kan babbar mota, fara, ƙarama, da ledarta a kujeru.

Ranar da aka sauke ta unguwa ta taru. Malam Tanko, limamin masallacinmu, ya zo yi mata addu'a kamar yadda ake yi wa kowace sabuwar mota. Ya ce a buɗe masa gaba ya tofa wa injin. Na buɗe. Ya leƙa, ya gyara tabarau, ya sake leƙawa.

"Alhaji Idi," in ji shi, "ko dai an cuce ka ne? Ina zuciyar?"

Na ce masa zuciyar tana ƙasa, ƙarƙashin kujeru, batir ne babba. Ya tsuguna da ƙyar ya tofa wa ƙasan, ya tashi yana kakkaɓe gwiwa, ya ce shi dai ya sauke nauyinsa. Yaya Sule yana jingine da bango yana sakacen haƙori. Kun san sana'arsa fawa, kuma kun san bakinsa.

"Firigo mai taya," ya ce. "Auta ya sayi firigo mai taya. In ta ƙi tafiya ka ba ni in riƙa zuba nama."

Aka yi dariya, har da ni, wai motata ta zama firiji. Sunan ya bi ta har yau.

Zan faɗa muku gaskiya, makonnin farko na ji daɗin da ban ji irinsa ba tun ina saurayi. Ka taka ta, ta zame kamar kwale-kwale, ba ƙara, ba hayaƙi, ba girgiza. Ina shiga kasuwar shanu da ita har kusa da turaku, ko kunne shanun ba sa kaɗawa. Wani dattijon Bafulatani ya kewaya ta sau biyu ya ce wannan ita ce motar da ta san mutuncin dabba. Awakin Tourou ne matsalar, ba sa jin zuwanta, sai ka yi ta ham suna kallonka kamar kai ne ka shigo musu ɗaki. Uwarku Hajara ta daina ɗaure hanci da mayafi in mun fita. Na sa Bio, mai gyaran kuran na unguwa, ya jawo mini layi na musamman mai ƙarfi zuwa rumfar mota, ya kafa piriz, wato ramin da ake soka wayar, babba mai irin bakinsa daban, don layin gidan ko fanka uku ba ya ɗauka. Ina dawowa bayan isha'i in soka, da safe in tarar ta ƙoshi. Rumfar nan, kun sani, bango ɗaya ne tsakaninta da ɗakin ajiyar Yaya Sule, ga taga a sama. Ku riƙe wannan.

Inna ta ji labari a Djougou, ta sa Gwaggonku Lami ta kira ni.

"Auta, an ce ka sayi mota wadda ba ta kuka."

Na ce haka ne, Inna.

"To ka riƙa duba ta. Kai ma haka kake kana jariri, ba ka kuka, sai rana ta take in tuna ban ba ka nono ba. Yaushe za ka kawo mini in gani?"

Na ce Juma'a mai zuwa. A gidanmu doka ce tun zamanin babanmu: abin hawa sabo, ko keke ne, tafiyarsa ta farko mai nisa wurin uwa ce, ta ɗora hannu a kai ta sa albarka. Juma'ar farko lambar motar ba ta fito ba. Ta biyu wani ciniki ya riƙe ni. Wannan laifina ne, ba na ɗora shi a kan kowa, kuma in kun tashi yi mini hukunci ku haɗa da shi. Inna ta daɗe tana fama da ƙirji, muka saba da ciwon har muka daina jin tsoronsa.

Alhamis ta uku na wuni a hanya, na dawo batir ya yi ƙasa sosai. Na soka waya, na ga ɗan koren fitilar ya kama, na shiga gida. Da safe wajen ƙarfe goma Lami ta kira, muryarta ba irin ta kullum ba.

"Ku taho. Tun asuba take tambayarku, kai da Yaya. Ku taho yanzu, kada ku ce sai an sauko Juma'a."

Na fita da gudu ina sa hula. Wayar tana nan a soke yadda na bar ta, koren fitilar yana ci. Na zare, na kunna motar, sai allon gaba ya nuna mini ko rabi batir bai kai ba. Na tsaya ina kallo. Yaya Sule ya fito yana ɗaura agogo, Hajara na biye da shi da ƙullin kaya. Na ce masa, Yaya, an ɗauke kuran ne da dare?

"Ka san garin nan," in ji shi. Bai dube ni ba. Can ya ce, "Auta, ko mu tafi tasha mu hau taksi?"

Ku lura da kyau, ya faɗi wannan, ba zan ɓoye ba. Sau ɗaya ya faɗa, a hankali. Ni kuma na duba allon, lambar kilomita da ya ce za ta iya yi ta ɗara nisan Djougou da ɗan kaɗan. Na tuna taksin Juma'a, sai ka zauna awa guda ana jiran mutum biyu. Na tuna kuma Inna ta ce in kawo mata ta gani. Na ce ku shiga, za ta kai mu. Lokacin mako uku kaɗai na yi da motar. Na ɗauka lambar nan alkawari ce. Ban san ƙafarka ce ke cin ta ba, ban san in ka sake mata gudu tana shan wuta kamar an huda tulu ba, ban san kilim ma, na'urar sanyaya motar, daga tukunya ɗaya yake sha ba. Wanda ya sayar mini bai gaya mini ba, littafin kuma da wani yare aka rubuta shi. Na rufe gilashi, na kunna kilim saboda Hajara, na taka har ƙasa.

Muna wuce Bétérou na ga lissafin ya juye: nisan da ya rage ya fi abin da allon ke nunawa. Na kashe kilim, na rage gudu, zufa ta fara zubo mana. Yaya Sule yana gefena yana jan carbi da sauri, idonsa a waje. Na sha tuna wannan zaman daga baya. Mutum yana zaune kamu ɗaya daga kafaɗata, ya san abin da ya faru da batir ɗin, yana kallona ina dukan sitiyari ina cewa wace irin mota ce wannan, bai ce uffan ba. Sai wani hoton kunkuru ya fito a allon, motar ta koma tafiyar amalanke, ta yi haka ta yi haka, saura kaɗan mu shiga Partago ta tsaya gefen kwalta, shiru, kamar yadda take komai.

Ga wani mai kpayo a ƙarƙashin mangwaro. Yana ganin mota ta tsaya ya rugo da kwalba da mazurari, ya kewaya ta yana neman murfin tanki.

"Patron, lita nawa? Ina bakin?"

Na ce masa ba ta shan wannan. Ya ce nasa mai kyau ne, bai gauraya ba. Hajara ta fashe da kuka. A ƙasar nan duk wanda ya taɓa tuƙi ya san mota ba ta mutuwa don yunwa, ko ina ka tsaya akwai kwalba taku goma a gabanka. Da wannan sanin muka girma, ni da Yaya Sule. Ranar na tsaya a gaban kwalabe sun fi talatin, ba ɗaya da za ta amfane ni.

Rana ta take, lokacin da maza suka nufi masallatai, hanya ta yi tsit. Zem guda ɗaya ya zo, wato babur ɗin haya, da buhu a gabansa, wurin mutum ɗaya a baya. Hajara ta ce mini a hankali, "Alhaji, kai ka hau, kai take kira." Amma babba yana tsaye, ƙarami ba ya riga shi, haka aka raine mu. Ban ma gama buɗe baki ba Yaya Sule ya tattare riga ya haye. Ya ce zai turo mana wani. Bai turo ba, ko kuma bai samu ba, wannan ban sani ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Mun fi awa guda a wurin. Taksi biyu suka wuce cike har da mutane a but. A ƙarshe wani mai keken ɗaukar kaya da ya ɗauko doya ya tausaya mana, muka zauna a kan doyar ni da uwarku. Mai kpayo ya ce in bar masa motar, ya yayyanko ganye ya rufe mata gilashi don rana. Allah ya saka wa bawan nan, ko sunansa ban tambaya ba a ranar.

Tun daga kwanar layinmu a Zongo na ji muryar mata. Lami ta tare ni a zaure ta ce minti ashirin ke nan. Na shiga na tarar an rufe mata fuska. Hannunta da na kama bai gama sanyi ba.

Aka yi jana'iza bayan la'asar. Wajen zaman makoki kowa ya zo sai ya tambayi yadda aka yi Auta bai iso ba, Yaya Sule kuma yana da amsa guda, yana ba da ita cikin sanyin murya, kamar mai rufa mini asiri.

"Ƙaddara ce. Na ce masa mu hau taksi, ya ce sai motarsa. Yaro ne, a yi masa uzuri."

Yaro, ina da shekara hamsin da biyu. Kuma ba zan iya cewa ƙarya yake ba, don ya ce mu hau taksi. Sai in sunkuyar da kai. Ranar sadakar uku Yaya Sule ya sa aka kawo nama daga Parakou, sa guda cur, a cikin manyan kuloli da ƙanƙara. Zongo ta ci ta ƙoshi, malamai suka yi ta sa masa albarka, ana cewa ga ɗan da ya san haƙƙin uwa. Ni ma na ci. Lami ta matsa mini, ta ce kwana biyu ban sa komai a ciki ba. Naman yana da kyau, ban manta ba, ya yi sanyi yadda ya kamata, ko ɗan bashi babu.

Motar kuwa, wani mai walda a Partago ya bari aka turo ta rumfarsa aka soka, ta kwana ta wuni, na dawo da ita Tourou na kulle. Wata biyar ban taɓa ta ba. Na koma bin taksi da zem, ina shan hayaƙi ina cewa shi ya dace da ni. Kun tuna lokacin. Kai Musa, lokacin ne na mare ka don kawai ka goge mata ƙura, ka yafe mini. Na daina zama majalisa, don da na iso wani zai ce ina firigo, wani ya taka shi a ƙafa. A masallaci Malam Tanko ya yi wa'azi kan masu fifita abin duniya a kan iyaye, bai ambaci suna ba, amma sahu uku suka waiwayo. Uwarku ce ta tashe ni. Wata safiya ta ajiye mini makullin kusa da koko.

"Ko ka sayar da ita ko ka hau ta. Na gaji da ganin kishiyar da ba ta magana tana tsufa a rumfa, kai ma kana tsufa a ɗaki."

Na hau. Wannan karon na koye ta yadda ake koyon sabon sa, a hankali. Na gane in ka bi ta da lallami tana ba ka fiye da abin da ta ce. Na gane a gangara tana mayar wa kanta wuta. Na san masu walda da masu injin niƙa uku tsakanin Parakou da Djougou da za su bar ka ka soka in ka gaishe su da mutunci. Ba na fita sai na duba allon sau biyu, kamar yadda Inna ta ce. Na fara zuwa Djougou duk Juma'a, in yi salla, in je kabarinta, in soka a gidan Lami, in dawo. Ko sau ɗaya ba ta sake tsayawa da ni ba. Wannan ya ƙara damuna. Na tambayi maƙwabta ko sun tuna an ɗauke kuran a wancan daren, wa zai tuna? Sai na yanke wa kaina hukunci cewa ni ne ban soka wayar da kyau ba, ko gudun da na yi ne kaɗai. Na zauna da wannan.

Har ranar da piriz ɗin ya fara zafi, na kira Bio ya duba. Yana kwance ƙusoshin piriz ɗin yana surutunsa, rabi Hausa rabi Faransanci, kamar kullum.

"Patron, wannan abu biyu ake soka masa, shi ya sa bakin ya buɗe. Firigon grand frère har yanzu nan yake sha?"

Na ce wane firigo?

"Babban nan na nama, na yayanka. Ai ni na canza masa kai ya dace da naka, na ba shi doguwar waya ta taga. Ranar da masu bikin nan suka fasa karɓar sa bayan ya yanka. Na tuna sarai, don washegari aka ce maman ku ta rasu, paix à son âme, Allah ya ji ƙanta. Ya ce ka sani."

Ya ɗago ya ga fuskata, sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Na ce masa ya ƙarasa aikinsa. Na zauna a kan bulo na haɗa abin da kaina, bai ɗauke ni minti biyar ba. An ba Yaya Sule aikin sa guda na biki, ya yanka ranar Alhamis, aka fasa bikin. Layin gidan ba ya sanyaya babban firigonsa. Ya jira na shiga, ya zare tawa daga bango ya soka tasa, kafin asuba ya mayar. Naman ya tsira. Shi ne naman da aka kai Djougou a kuloli, shi malamai suka sa wa albarka, shi na ci.

Kwana uku ban yi wa Yaya Sule magana ba, kuma ina so ku san abin da na yi tunani a kwanakin, don kada ku tashi da ƙin baffanku fiye da kima. Mahauci ne. A wurin mahauci babu bala'in da ya kai nama ya kwana ya lalace a gabansa, tun yana yaro aka dasa masa wannan. Ya dubi sa guda yana shirin ruɓewa, ya dubi mota tana tsaye ba ta ce tana jin yunwa ba. A kansa mota abu ce da ake ba ta abinci a hanya cikin minti biyu. Bai san Lami za ta kira ba. Da ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce Auta, ara mini ramin nan yau, wallahi da ni zan riƙe masa fitila. Kuma na san shi, tun muna yara in ya fasa abu ba ya iya cewa ni ne, sai ya tsaya ya yi ta jan lokaci har maganar ta yi nauyin da ba ta ɗaukuwa. Sau nawa Inna ta dake ni a kan tulun da shi ya fasa. Duk na san wannan. Amma sanin bai sauke mini komai ba.

Rana ta huɗu bayan la'asar na tafi rumfarsa a kasuwa. Na ajiye motar daidai gaban teburin, bai ji zuwana ba sai da inuwa ta faɗo masa. Yana kankare katako da wuƙa, ciniki ya lafa, ba kowa kusa.

"A'a, Auta. Firigo ta fito shan iska?"

Na ce masa Bio ya zo gyaran piriz. Hannunsa ya tsaya. Ya ajiye wuƙar ya goge hannu a jikin riga, ya zauna a kan benci kamar wanda aka cire wa ƙashi. Na ga ya tsufa, ban lura ba sai ranar.

"Awa biyu na yi niyya," ya ce. "Barci ya ɗauke ni. Da safe na so in gaya maka, sai ga wayar Lami. A mota na so in faɗa, na ga idonka. Bayan nan kuma ta yaya? Ka gaya mini ta yaya, Idi?"

Rabon da ya kira ni Idi har na manta. Na ce masa ba wannan ya kawo ni ba. Na ce kai ka same ta da rai, me ta ce? Shekara ɗaya da wata huɗu ban tambaya ba, don ina ganin ban cancanci ji ba.

Ya rufe fuska da hannu biyu. Ta cikin yatsun ya ce, "Ta ce ina Auta. Na ce yana tafe, mota ce ta tsaya. Ta yi murmushi, ta ce ai na gaya masa ba ta kuka, wa ya hana ta abinci? Ta kalle ni, Idi. Ta daɗe tana kallona. Ta san ni."

Na tsaya har ya sauke hannunsa, don ina so ya ga bakina lokacin da nake faɗa. Ga abin da na ce masa, ban ƙara ba ban rage ba:

"Yaya, kuran ɗin na yafe. Naman ma na yafe, tunda cikin mutane ya shiga da sunan Inna, Allah ya kai mata ladan. Zem ɗin da ka hau, girmanka ne, ban ce komai ba. Amma ka zauna a kan tabarmar makokinta ka ce a yi mini uzuri ni yaro ne, ka bar 'ya'yana suna sunkuyar da kai a lakwal, ka bar ni ina zuwa kabarinta duk Juma'a ina ba ta haƙuri a kan abin da ka yi da hannunka. Wannan ba ni da ikon yafe shi a nan, a gaban teburin nama, ba kowa. A Zongo ka faɗi waccan maganar, a Zongo za ka gyara ta. Jibi Juma'a, ƙarfe takwas zan tashi. Za ka zauna a gaba inda ka zauna ranar, ka faɗa wa Lami, ka faɗa wa dattawan zaure, sannan mu je wurin Inna tare. In ka fito, kai yayana ne har ƙasa ta rufe ɗayanmu. In ba ka fito ba, ba zan yi maka ham ba, kuma ka san ba za ka ji tafiyata ba. Wayar kuma da na koma gida zan soka ta. Ka kwana ka ga ko za ka iya wuce ta ba ka zare ba."